Ruwan Tanka da Alwalar Baba Tsoho

Tun ranar Talata ake ruwa a Jibiya. Ba mai ban tsoro ba ne, yakan zo da la'asar ya jiƙa gero ya wuce, manoman Gangara da na Kusa da ke shigowa kasuwa sai hamdala suke yi. Duk da haka, jiya da na ga hadari ya haɗo ta gabas baƙi ƙirin, sai ga ni ina wanke jarkoki ina jerawa a kan dakali, har Inna ta leƙo ta ce, "Saudatu, wa ya ce maki za a yi ƙishirwa?" Babu wanda ya ce. Tun shekarar ambaliya ba na iya ganin ruwan sama mai yawa ban yi tunanin ruwan sha ba. Zan rubuta abin da na riƙe na waccan damina. Wasu maganganun ƙila ba haka aka faɗe su kalma da kalma ba, kuma ina iya sauya wa wasu kwanaki wuri, amma abin da ya faru ya faru.

A lokacin ban daɗe da gama jami'a ba, inda na karanta ilimin ƙananan halittu masu jawo cuta, ina gida ina jiran a kira mu hidimar ƙasa. Damina ta yi jinkiri a shekarar. Zafi ya kai inda ba a taɓa ƙofar ƙarfe da rana, awaki suna lafewa jikin katanga baki buɗe, direbobin manyan motocin da ke jiran tsallakawa Nijar kuwa a ƙarƙashin motocinsu suke shimfiɗa tabarma. An fita roƙon ruwa sau biyu. Da aka samu na shuka kowa ya fita, har ni da ban iya riƙe sungumi ba na bi layi a gonar kakanmu ina zuba iri ina takewa da diddige. Gero ya fito, an yi noman farko, mutane sun fara sakin jiki. Sai aka yi ruwan da ya wuce wanda aka roƙa.

Ba zan tsaya kan yadda ya zo ba, don akwai gidajen da suka rasa mutane, kuma labarinsu ba nawa ba ne da zan ba da shi. Mu Allah ya tsare rayukanmu. Da gari ya waye, katangarmu ta yamma ta kwanta, rumbu ya jiƙe ya tsage, tumaki biyu babu su, laka ta kai rabin ƙafar gado. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsakar gida. Bakin rijiya da bakin masai sun zama tafki ɗaya, ba ka gane inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Da hantsi aka kwashe mu zuwa wata firamare da ke kan tudu, mu da mutanen unguwarmu da na makwabta. Mata da yara a azuzuwa, maza a baranda da gindin bishiyoyin bedi.

Kakana na wajen uba, Malam Lawal, wanda muke kira Baba Tsoho, a kurar 'yan garuwa aka turo shi, ya ɗora gafakar littattafansa a ka, yana faɗa da masu turawa wai sun mai da shi buhun masara. Ya haura tamanin a lokacin, a ƙiyasi, don shi kansa bai san shekarar haihuwarsa ba. Shi ke jan salla a masallacin unguwarmu tun kafin a haifi mahaifina, wanda ya rasu ina ƙarama. Ni kuwa amaryarsa ce, kamar yadda kaka ke yi da jika. Da aka sauke shi ya leƙa ajin da aka ba mu ya ce, "Amarya, wannan ne ɗakin da kinka yi mani alkawari? Ko labule babu." Na ce angon da ya zo a kura ba ya neman labule.

Kwana biyun farko ƙishirwa ta fi yunwa. Abinci ana samu ko yaya, wani ya kawo garin kwaki, wani burodi, wani ƙuli. Ruwa ne ya gagara, ga shi kuwa duk inda ka duba ruwa ne kwance. Rana ta fito da ƙarfi bayan ambaliyar, ƙasa tana turiri, warin laka da na mushe yana tashi, harshe yana manne wa dasashi. Ruwan leda ya ƙare a shaguna tun ranar farko saboda hanya ta yanke. Itace duk ya jiƙe, balle a ce a tafasa. Abin da ya rage shi ne tsohuwar rijiyar da ke gangaren bayan makarantar. Ambaliya ta shafi bakinta ta wuce, ruwan ya yi ja kamar kunun kanwa, amma ba ya wari. Mata suna ɗiba su jefa alif don laka ta kwanta, su tace da gefen mayafi. Ni ma na sha, ba zan ɓoye ba. Ina sha ina tuna abubuwan da na taɓa gani suna motsi a madubin ɗakin gwaji, kuma na san bayan-gidan makarantar bai fi taku talatin da rijiyar ba.

A rana ta uku da hantsi muka ji hon. Tanka ce, tsohuwa, shuɗiya, tana tafe tana rangaji cikin caɓi. Daga baya muka ji yadda aka yi. Direbobin tasha da 'yan dako na bakin iyaka ne suka fara haɗa abin da ya sawwaƙa, sai 'yan kasuwar Maraɗi da suka saba sauka a gidajenmu suka ji suka aiko da nasu, sai 'yan garinmu da ke Kano da Legas suka riƙa turowa ta waya. Wata Hajiya mai sayar da man gyaɗa ta ba da jarkokinta kaf. Wani ya ce a kai ladan ga mahaifiyarsa da ta rasu. Mafi yawansu har yau ban san sunayensu ba, wasu ma sun ce kada a faɗa. Shawarar da suka yi ita ce shinkafa za ta zo daga wurare da yawa, su ruwa za su ɗauka, tanka ɗaya kowace safiya har a koma gida.

Ban taɓa ganin an yi wa mota guɗa ba sai ran nan. Wata tsohuwa ta shafa jikin tankar ta shafa a fuska, kamar ɗanta ne ya dawo daga Makka. Direban ya ji kunya ya ƙi saukowa.

Wanda ke riƙe da tiyo Baba Mahaman ne, tsohon ɗan garuwa, mutumin wani ƙauye kusa da Maraɗi. Da ƙuruciyarsa ya zo Jibiya ya yi ta sayar da ruwa, daga jaki ya koma gwangwani, daga gwangwani ya koma kura, har gwiwa ta hana shi. Abokin darar Baba Tsoho ne, kuma kullum cikin tsiya suke. Shi yana cewa su mutanen Maraɗi su ne Katsinawan asali da suka bar mana gida aro, Baba Tsoho yana cewa wanda ya gudu ba shi da gado. Babu wanda ya sa shi aikin tankar. Ya ce shi ba shi da abin bayarwa sai sanin ruwa.

Tare da tankar wata ma'aikaciyar lafiya ta zo da kwali cike da ƙwayoyi farare ƙanana. Ta ce daga dam ake ɗebo ruwan, ya fi na rijiya, amma shi ma ba a sha sai an gyara: ƙwaya ɗaya a babbar jarka ɗaya, a girgiza, a rufe, a jira rabin awa. Sansanoni da yawa take zagayawa, ba za ta iya zama ba. Ta tambaya ko akwai mai ilimin boko da zai kula, sai mata suka turo ni gaba. Na ce ban taɓa yi a wajen ɗakin gwaji ba, kuma jarkokin ba lallai girmansu ya zama ɗaya ba, kuma da akwai abin awo da ya fi. Ta ce, "'Yar'uwa, ke dai riƙe kwalin."

Daga nan kwanakinmu suka samu tsari. Bayan asuba mata su wanke jarkoki da toka da yashi, don ƙamshin man gyaɗa bai fita da wuri ba. Maza su jera su layi-layi daga ƙofar ajin farko zuwa sandar tuta. Tanka ta zo, Baba Mahaman ya cika yana zambo, yana kiran jarka bido irin na mutanen Nijar, mata suna gyara masa yana ƙi. Ni in bi layi in jefa ƙwaya, in rubuta lokaci da gawayi a jikin kowace jarka, sannan in sake bin layin don in tabbata ban tsallake ko ɗaya ba, wani lokaci har sau biyu. Rabin awan jiran nan ya zama lokacin hira. A nan ake kitso, a nan ake shanya hatsin da aka ceto a kan tabarmi ana korar kaji, a nan wasu makwabta biyu da suka shekara ba sa gaisawa suka shirya, don jarkokinsu kullum kusa da juna suke faɗowa. Idan lokaci ya cika na ce, "Ya yi," sai a ɗauka da sowa. Ruwan yana da ɗan wari irin na asibiti. Yara sun yatsina fuska rana ɗaya suka saba.

Matsalar ta fito daga inda ban zata ba. Tun ranar da tanka ta fara zuwa, da azahar na cika butar Baba Tsoho na kai masa gindin bedi. Ya zuba a tafin hannu, ya kai hanci, ya dakata.

"Amarya, mi kinka sa ma ruwan ga?"

Na yi masa bayani.

"Ya canja wari ko bai canja ba?"

"Ya ɗan canja, Baba. Kaɗan. Yana raguwa in an bar shi."

"Ban tambaye ki kaɗan ko da yawa ba."

Ya ajiye butar. Duk wanda ya zauna gaban malami a wajenmu ya san karatun. Ruwan alwala shi ne wanda launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa ba su canja da wani baƙon abu ba. In ƙasar da yake kwance a kai ce ta canja shi babu laifi, don ita ce mazauninsa. To ruwan rijiyar bayan makaranta ƙasa ce ta rina shi, kuma ba ya wari. Na tanka kuwa fari tas, amma hannun mutum ya sa masa abu, kuma hanci ya shaida. A ma'aunin Baba Tsoho, jan ruwan nan shi ne na alwala.

Na ce rijiyar tana kusa da bayan-gida, mai yiwuwa ƙazanta ta shiga.

"Kin ga ta shiga?"

"Ban gani da ido ba. Amma akwai yiwuwar hakan."

"Kin auna?"

"Babu kayan awo a nan. Sai dai bisa ga abin da muka karanta, wataƙila..."

"Wataƙila," ya ce, yana juya kalmar a baki kamar goro. "Shekara huɗu kina jami'a, wataƙila kinka koyo. Ni warin ga da hancina na ji shi. Ba a sakin tabbas a kama wataƙila."

Ya sa aka ɗebo masa na rijiya. Ina tsaye ya kurkure baki sau uku, ya shaƙa a hanci sau uku. Inna, wadda surukarsa ce kuma ba ta saba yi masa musu ba, ta ce daga nesa, murya ƙasa-ƙasa, "Malam, ai ko ba a yi alwala da shi ba ana sha." Ya ce ya sani, sha ya halatta, bai hana kowa ba. Amma shi ruwan da ba zai tsaya gaban Ubangijinsa da shi ba, ransa bai kwanta ya zuba shi a cikinsa ba.

Bai hana kowa ba, gaskiya ne. Sai dai liman ba sai ya hana ba. Kafin kwana biyu dattawan baranda duk sun koma rijiya, matansu suka bi su, na fara ganin ana wanki da jarkokin da ke ɗauke da rubutun gawayina. Sannan ma'aikaciyar lafiya ta dawo da labarin cewa amai da gudawa ya ɓulla a wani sansani can ƙasan gari, an kwashi mutane zuwa asibiti. Ta dubi layin da ke bakin rijiya, ta dube ni.

Na san abin da cutar nan ke yi wa tsoho. Mai ƙarfi yana iya jurewa ya kai asibiti. Irin Baba Tsoho, da ba shi da komai a jiki sai fata da jijiya, yini ɗaya ya isa ta tsotse shi. Na bi duk hanyar da na sani. Na bar jarkarsa a buɗe a rana, warin ya ragu, ya shinshina ya ce da saura. Na ce ya yi taimama, ya ce ba a taimama ga rijiya a gaba. Na tafasa masa buta ɗaya da ƙyar da ƙafar wani karyayyen benci da hedimasta ya ba ni, amma salla biyar ce a rana, kuma ba shi kaɗai ba ne. Inna ta ja ni gefe ta ce, "Ki ce mashi wannan ba a sa komi ba. Hancin tsoho ne, mi zai sani?" Na juya maganar yini guda. Na ga in ya gano ba zai sake karɓar ko kofi daga hannuna ba, in kuma bai gano ba na sa shi ya yi sallar da shi a wajensa ba ta yi ba. Na kasa. Ban sani ba ko tsoron Allah ne ko tsoron a kama ni, ƙila duka biyun.

A kwana na huɗu da fara wannan, da safe ya ƙi koko, ya ce cikinsa yana ɗan murɗa masa. Na je jefa ƙwaya hankalina yana wajensa, har na jefa biyu a jarka ɗaya, dole aka ware ta don wanki. Baba Mahaman ya lura.

"Ke ɗiyar Malam, lahiya? Yau ba ki zagaya bido sau ukku ba."

Na gaya masa duka. Ya kashe tiyo ya saurara yana sosa gemu. Ya sa na maimaita masa ƙa'idar, launi, ɗanɗano, wari. Sai ya yi dariya har ya dafa tanka.

"Wari? Lawal ne ke hwaɗin wari?"

Ya ce in ci gaba da aikina, zai dawo kafin azahar.

Ya dawo a bayan babur, rungume da wani abu baƙi, busasshe, kamar mushen akuya. Salka ce, jakar fatar da ake ɗaukar ruwa da ita a kan jaki a da. Ni a hoto kawai na taɓa ganinta. Ya ce tana rataye a rufin ɗakinsa tun da ya rabu da jakinsa, shi ya sa ambaliya ba ta same ta ba. Ya jiƙa ta a baho har ta yi laushi, ya cika ta da ragowar ruwan tanka wanda ba a sa wa ƙwaya ba, ya ɗaure bakin, ya rataye ta a reshen bedi daidai kan tabarmar Baba Tsoho, tana ɗiga. Dattawa suka fara matsowa. Mata suka leƙo ta tagogin azuzuwa.

Baba Tsoho ya ɗaga kai. "Mahaman, gadon naku ke nan da kunka gudu da shi?"

"Shi ne. Miƙo hannu."

Ya kwance bakin ya tsiyaya masa a tafi. Ruwan ya fito da ɗan ja.

"Shinshina, kada ka sha, ɗiyarka ba ta gyara shi ba. Mi ka ji?"

"Bagaruwa."

Da 'ya'yan bagaruwa ake jeme fata a ƙasarmu, kuma warinta ba ya barin salka har ta mutu.

"Launi hwa?"

"Ya ɗan sauya."

"To. Shekarun da rijiyoyin garin ga sunka ƙahe, wa ke kai maka ruwa masallaci?"

"Kai."

"Cikin mi?"

Baba Tsoho ya ɗaga ido ya dubi salkar da ke ɗiga a kansa.

"Cikin salkar ga. Da shi ka yi alwala, ka ja mu salla, ka sallaci mamata. Ko duk mu rama? In ramawa za mu yi ka hwaɗa mani yanzu, don ni gwiwata ba ta kai."

Dariya ta tashi a baranda. Baba Tsoho bai yi ba. Ya ce, "Wannan daban. Malamai sun yi rangwame ga warin jima, don gyaran salka ne, ba a raba ta da shi."

"Gyaran salka don mi? Don a yi ado da ita?"

"Don ruwa ya zauna bai lalace ba."

"To ita ɗiyar ga mi take yi tun da sahe?"

Baba Tsoho ya sa aka miƙo masa gafaka, ya zaro wasu tsofaffin takardu da gefensu ya jiƙe, ya yi ta bi da yatsa. Ladan ya dubi inuwa ya miƙe zai yi kira, wani ya ja masa riga ya koma ya zauna. Ina tsaye a bayan bishiya ina kallo. Baba Tsoho ya daɗe a kan takardun. Sannan ya ce, bai ɗago ba, "Amarya, zo nan."

Na durƙusa.

"Tambaya zan maki, kuma ban son wataƙila. Ƙwayar ga najasa ce?"

"A'a."

"Don gyaran ruwa anka yi ta, ko don wani abu?"

"Don gyaran ruwa."

"In ba a sa ta ba, ruwan na iya kashe mutum?"

A nan harshena ya so ya koma inda ya saba. Amsar da na koya tana da rassa: ya danganta da abin da ke cikin ruwan, da yawan abin da aka sha, da ƙarfin jikin mai sha. Duk sun taru a bakina. Na dubi wuyansa, siriri, jijiyoyi a fili.

Na ce, "E, Baba. Yana kashewa."

Ya gyaɗa kai ya mayar da takardun. Ya ɗaga murya yadda na baranda za su ji, ya ce abin da ya fahimta shi ne, abu mai tsarki da aka sa wa ruwa don gyaransa, wanda ba a iya kauce masa, hukuncinsa ɗaya da jimar salka. Ya ce kwana huɗu ya tsaya a kan rabin karatu, wanda ya bi shi ya yafe masa. Zai kuma aika wa limamin Juma'a ya ji ta bakinsa. Ya rufe da, "Wallahu a'alamu."

"Mi ke nan da Hausa?" in ji Baba Mahaman.

"Allah ne mahi sani."

"Ashe kai ma kana da wataƙilarka. Taka dai da Larabci take."

Wannan karon har Baba Tsoho sai da ya yi dariya, tari ya sarƙe shi, Baba Mahaman yana bubbuga masa baya da ƙarfin da ya wuce na taimako. Na kawo buta. Ya yi alwala a gaban kowa, a natse, ya kurkure baki sau uku. Dattawa suka juye butocinsu a gindin bedi suka nufi layin jarkoki, wasu suna tambayata ko wannan ta yi, ko waccan ta yi. Daga tagogi wata ta rangaɗa guɗa, wata ta ce ta yi shiru salla za a yi.

Abin da ya biyo baya gajere ne. A yammacin ranar aka rufe rijiyar da fallen kwano aka danne da duwatsu. Limamin Juma'a ya aiko washegari cewa shi ma haka ya gani. Murɗar cikin Baba Tsoho ta wuce da kanta, Inna ta ce garin kwaki ne, ni dai ban tabbatar ba. Mun yi kusan mako uku a makarantar, kuma tankar ba ta taɓa makara ba sai rana ɗaya da ta kafe a caɓin bakin hanya. Maza suka fita da zanzaro suka tura ta suna kabbara, suka dawo laka har gira, mata suna yi musu dariya sun hana su ruwan wanka sai an gama cika jarkokin sha. Iya sanina ba a ɗauki kowa daga sansaninmu zuwa asibiti saboda waccan cuta ba. Ba zan ce ƙwayar kaɗai ce ta yi ba, don akwai wanke hannu, akwai tsarin Allah, akwai abubuwan da ban sani ba. Yanzu akwai famfo mai aiki da hasken rana a bakin masallacin unguwarmu, shi ma wani ne ya yi sadaka da shi. Yara suna buɗewa su sha su bar shi yana zuba, in ka ce musu salka sai su tambaye ka mece ce. Baba Mahaman ya koma ƙauyensu wajen 'ya'yansa. Baba Tsoho ya ƙara daminu da dama kafin Allah ya karɓi abinsa, a kan gadonsa, a ɗakin da aka sake ginawa.

Amma a ranar ban san duk wannan ba, kuma alwalar ba ta gama kwantar mini da hankali ba, don sha nake jira. Da aka idar da azahar ya koma tabarmarsa ya jingina da bishiya. Tun safe bai sa komai a bakinsa ba, leɓɓansa sun bushe sun yi fari. Na ɗauko kofin silba, na tsiyaya daga jarkar da na fi amincewa da lokacinta, na durƙusa na miƙa masa da hannu biyu. Inna tana bakin ƙofar aji ta riƙe tsintsiya ba ta shara. Ya karɓa, ya leƙa ciki, ya yi bisimilla, ya sha da numfashi uku har ya ga gindin kofin. Ya goge gemu da bayan hannu ya yamutsa fuska.

"Amarya, girkinki ba daɗi."

Ya miƙo mini kofin.

"Ƙaro."